Wuni Guda a Birnin Agra

Jinya ce ta kai ni ƙasar Indiya. Na raka yayana birnin Delhi aka yi masa aiki a gwiwa, kuma bayan an sallame shi likita ya ce sai mun ƙara mako biyu ana gasa masa ƙafar kafin a ba mu izinin hawa jirgi. Muka kama ɗaki a wani gidan haya kusa da asibitin, inda majinyata daga Najeriya da Nijar da Sudan suka fi yawa, kullum daga ɗaki sai asibiti, daga asibiti sai kantin magani. Ranar da ya fara taka ƙafar da sanda, Yaya ya dube ni ya ce, "Kai, tashi ka je ka ga gari, kada a tambaye ka a gida abin da ka gani a Indiya ka ce ledar ƙarin ruwa." Wani bawan Allah ɗan Damagaram da ke jinyar mahaifinsa a ɗakin da ke kusa da namu ya ɗauki nauyin kula da shi na kwana ɗaya, ni kuwa na zaɓi Agra, domin tun ina yaro nake ganin hoton Taj Mahal, hubbaren da Sarki Shah Jahan ya gina wa matarsa a wannan gari, a jikin kalanda da gwangwanin shayi.

Tafintan asibiti ne ya haɗa ni da direba da kuma ɗan jagora, ya kuma gargaɗe ni cewa ba a buɗe Taj Mahal ga baƙi ranar Juma'a. Saboda haka na tashi ranar Talata bayan azahar, a kan in kwana can in wuni Laraba in dawo ta jirgin ƙasa. Mun yi ciniki da direban a kan rupi 4,000 zuwa kawai, har da kuɗin hanya, a lokacin dala ɗaya tana kan rupi 80 da 'yan kai.

Fita daga Delhi ta ci mana fiye da awa ɗaya saboda cunkoso, amma da muka wuce Greater Noida muka hau babban titin Yamuna sai tafiya ta miƙe. Titin kilomita 165 ne, na kankare, layi uku kowane hannu, an buɗe shi a 2012, kuma tsawon tafiyar gaba ɗaya bai wuce Kano zuwa Kaduna ba. Abin da na yi ta jira bai zo ba, wato shinge. Na riƙe fasfo a aljihun gaba, na ware 'yan canji a ɗaya aljihun kamar yadda muka saba, amma ban ga gungumen itace ko ganga a tsakiyar titi ba, ban ga wanda ya leƙo ya ce a buɗe but ba, in ban da wuraren karɓar kuɗin hanya inda direba ke biya a ɗaga masa ƙarfe. Watan Fabrairu ne, gonakin alkama da na dankalin Turawa sun yi kore shar dama da hagu, ga wata shuka mai furanni rawaya da direban ya ce daga 'ya'yanta ake matsar man girki. Can nesa ana hango dogayen bututun hayaƙi na masu gasa jan bulo, a bakin ƙauyuka kuma an jera busasshen kashin shanu an tara shi kamar ƙananan rumbuna, da shi suke hura wuta. Da muka zo saitin Mathura direban ya taɓa goshinsa da ƙirjinsa, ya ce nan ne mahaifar Krishna, ɗaya daga cikin waɗanda mabiya addinin Hindu ke bauta wa.

Mun shiga Agra da magariba, kuma garin bai yi kama da abin da ke jikin kalanda ba. Ƙura ce da hon da shanu kwance a tsakiyar titi ba mai ce musu kanzil, ga birai a kan katanga suna bin wayoyin lantarki. Masauki na farko da muka tsaya a unguwar Taj Ganj, mai karɓar baƙi ya ce akwai ɗaki, amma da ya ga koren fasfo sai ya shiga ciki ya fito ya ce ɗakunan sun cika. Ban ce masa komai ba, domin na riga na ji irin wannan daga bakin majinyata a Delhi. A na biyu wani dattijo mai jan gemu na lalle ya amsa sallamata, ya ɗauki hoton fasfo da biza, ya sa na cike takardar da doka ta wajabta wa kowane baƙo daga waje, ya ba ni ɗaki a kan rupi 1,800. Ɗakin ƙarami ne, bargon kuma ya ga jiya ya ga yau, amma da na hau saman benen na tarar da ƙubbar Taj Mahal a gabana cikin duhu, baƙa ƙirin, domin ba a haska ta da fitila. Na ci shinkafa biryani da naman akuya a wani shagon Musulmi na ƙasan layin, yajin ya fi ƙarfina, na kora da shayi mai madara da citta a ɗan kofin ƙasa wanda ake jefarwa in an gama sha.

Ɗan jagoran ya iso bayan sallar asuba, sanye da rigar sanyi da mayafi a wuya, katin shaidar aikinsa yana rataye a ƙirji. Mutum ne da zai kai shekara 50, siriri, mai jan zare ɗaure a wuyan hannu, Bahindu ne, kuma ya ce ya haura shekara 20 yana wannan sana'a. Yana jin Turanci da Faransanci da ɗan Larabcin ciniki. Da ya ga hulata da doguwar rigata sai ya raɗa mini "Haji Sahab", bai kuma kira ni da wani suna ba har muka rabu. Mun shirya a kan rupi 2,000 na wuni guda, kuɗin shiga da na abin hawa a kaina. Sanyin safiyar ya fi na tsakiyar hunturu a Kano, kuma mai laima ne, yana ratsa ƙashi.

Ba a barin mota mai fetur ko gas ta matso kusa da ginin da mita 500, sai dai a taka da ƙafa ko a hau 'yar motar batir. Jagoran ya bayyana mini cewa hayaƙi ne yake rina farin dutsen ya koma rawaya, kuma tun 1996 kotun ƙolin ƙasar ta ba da umarnin masana'antun da ke ƙona gawayi a kewayen su koma iskar gas ko su tashi. A wurin sayen tikiti ne na fara yin tsaki. Ɗan ƙasa yana biyan rupi 50, ni baƙo 1,100, sannan kowa ya ƙara 200 idan yana son hawa hubbaren kansa. Na ce wa jagoran a garinmu baƙo ake ragewa, shi kuma ya yi dariya ya ce, "Haji Sahab, wanda ya iya biyan kuɗin jirgi daga Afirka ba zai gaza wannan ba, manomin da ya zo daga ƙauye da 'ya'ya biyar fa?" Ban sami amsar ba shi ba, duk da cewa raina bai daina ƙorafi ba. An haɗa mini da gorar ruwa da wata 'yar leda ta sa wa takalmi, aka kuma ce tikitin na awa uku ne.

Layin maza daban, na mata daban, kowa sai ya bi ta na'ura an kuma laluba shi. An hana shiga da abinci da taba da ashana, ni kuwa na manta akwai goro biyu a aljihuna, ragowar guzurin da muka taho da shi a jiƙaƙƙen tsumma. Jami'in ya ɗaga ɗaya yana juya shi, ya sansana, ya kira abokin aikinsa. Na ɓara na ci a gabansu, jagoran ya yi musu bayani da yarensu cewa irin abin da su ma suke taunawa ne a cikin ganye. Nan take suka gane, kuma ganewar ce ta jawo mini asara, domin nasu abin taunawar shi ne yake sa mutane tofar da jan yawu a jikin bango, an kuwa hana shiga da shi. Jami'in ya ɗanɗani ɓarin da na miƙa masa, ya yamutsa fuska saboda ɗaci, ya jefa sauran a kwando. Wanda ya san darajar goro a Delhi zai san abin da na ji.

Daga nan muka shiga wani fili mai faɗi, muka tsaya gaban babbar ƙofa ta jan dutse wadda ita kaɗai ta isa a zo kallo. Jagoran ya fara karatunsa da ya haddace, yana nuna ƙananan ƙubbobi 11 a gaba da 11 a baya, yana cewa adadin shekarun da aka yi ana ginin ke nan. Sai ya nuna baƙin rubutun da ya kewaye bakin ƙofar ya ce wannan sura ta 89 ce daga littafinku, wani gwani daga Shiraz ta ƙasar Farisa mai laƙabin Amanat Khan ne ya tsara shi, kuma ya riƙa ƙara girman haruffan yayin da suke hawa sama domin mai kallo daga ƙasa ya gan su daidai wa daida. Na ɗaga kai ina ƙoƙarin karantawa. Wanda ya tashi da allo da tawada da rubutun Warshu ba zai sami wannan salon da sauƙi ba, saboda haruffan sun hau juna sun sarƙe, alifai sun miƙe kamar karan dawa. Sai da na kamo "Wal fajri" daga ƙasa ta hannun dama, daga nan hadda ta ja ni, ido yana bin baki, har na sauko ɗaya gefen inda surar ta ƙare da kiran rai mai natsuwa ya koma ga Ubangijinsa, ya shiga cikin bayinsa, ya shiga aljannarsa.

Ban san na ɗaga murya ba sai da na ga jagoran ya yi shiru ya sauke hannunsa. Ya ce shekara da shekaru yana wucewa ta ƙarƙashin wannan rubutu yana faɗa wa Turawa lambar surar da fassarar ayar ƙarshe, amma ba kasafai yake samun wanda zai tsaya ya karanta masa ita tun daga farko ba, ya roƙe ni in maimaita a hankali. Na maimaita, ina nuna masa inda kowace aya ta tsaya. Na gaya masa cewa kafin a kai ga wannan kira mai daɗi, surar ta ambaci Iram mai ginshiƙai wadda ba a halicci irinta a garuruwa ba, da Samudawa masu fafe duwatsu, da Fir'auna, da yadda aka yi da su duka. Ya yi jim, sa'an nan ya tambaye ni ko sarkin ya san haka lokacin da aka rubuta masa ita a ƙofa. Na ce sarkin da ya yi karatu tun yana yaro, da mai rubutun da ya san Alƙur'ani, da wuya a ce ba su sani ba. Daga wannan lokaci tafiyar tamu ta zama musaya, shi yana ba ni shekaru da sunaye, ni ina karanta masa bango.

Ya sa na tsaya a cikin duhun ƙofar in dubi gaba. Ginin ya cika bakin ƙofar kamar zan taɓa shi, fari da ɗan ja-ja na hantsin farko, hazo ya rufe gindinsa har ya zama kamar ba a ƙasa yake zaune ba. Da na fara takawa sai ya riƙa ja da baya yana ƙanƙancewa, sa'an nan lambun ya buɗe, da doguwar magudanar ruwa da itatuwa a jere. Na ga manyan gine-gine a Makka da Madina, amma wannan bai yi kama da su ba, kuma hoto bai taɓa gaya mini girmansa ba. Tsayinsa mita 73 ne, mutanen da ke kan dandamalinsa kamar tururuwa. Hasumiyoyin nan huɗu an ɗan karkatar da su waje da gangan, domin in girgizar ƙasa ta kayar da su kada su faɗa kan hubbaren.

Muna tafiya yana ba ni labarin. Mumtaz Mahal ta rasu a 1631 a garin Burhanpur, wurin haihuwarta ta 14, tana tare da mijinta Sarki Shah Jahan a wajen yaƙi. A can aka fara binne ta, bayan wata shida aka ɗauko gawar zuwa Agra. An fara ginin a 1632, aka gama hubbaren a 1648, sauran gine-ginen kuma a 1653, da ma'aikata kimanin 20,000, farin dutsen mabul kuwa daga Makrana ta Rajasthan aka jawo shi, tafiyar fiye da kilomita 300. Jagoran yana kiran wannan labarin soyayya, kuma haka dubban ma'auratan da ke ɗaukar hoto a wurin suka ɗauke shi. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne haihuwa 14 cikin shekara 19 na aure, da mutuwa a kan gwiwa, abin da har gobe muke binne mata saboda shi a garuruwanmu ba tare da ko alama a kan kabarinsu ba.

Muka sa ledar takalmi muka hau. Daga kusa ne ake ganin ainihin aikin, domin furannin da ke jikin bangon ba fenti ba ne, duwatsu ne masu launi aka yanka siri-siri aka dasa a cikin mabul, wasu daga Afganistan, wasu daga Sin, har ba ka jin gaɓa in ka shafa. A manyan ƙofofi huɗu na hubbaren an rubuta Yasin, na karanta masa farkonta, na ce ita muke karanta wa mai jinya da mamaci. Ciki duhu ne, an hana ɗaukar hoto, kuma ana tura mutane su yi ta zagayawa kada su tsaya. Kabarin matar yana tsakiya daidai, na mijin an raɓa shi a gefe ya ɗan fi tsayi, shi kaɗai ne abin da ya karya daidaiton ginin. Jagoran ya raɗa mini cewa waɗannan na sama alama ce kawai, gawawwakin suna wani ɗaki a ƙasa wanda ba a buɗewa sai lokacin tunawa da rasuwar sarkin. Wani ma'aikaci ya ɗaga murya ya yi kabbara, sautin ya yi ta yawo a cikin ƙubbar ya daɗe bai mutu ba, sa'an nan ya miƙo hannu a ba shi na goro. Na yi wa mamatan addu'a a zuciyata, ina sane da abin da malamanmu ke faɗa game da gini a kan kabari, na kuma tuna Hubbaren Shehu a Sakkwato da sauƙinsa.

Da muka fito ta bayan ginin, inda kogin Yamuna yake kwance da ɗan ruwa baƙi mai kumfa, sai jagoran ya gyara murya ya ce an yanke hannuwan magina bayan sun gama, kuma sarkin ya yi niyyar gina wani baƙin Taj a wancan ƙetaren domin kansa. Na tambaye shi ko ya yarda da haka. Ya waiga ya ga ba wani baƙo kusa, ya ce babu wani littafin tarihi na zamanin da ya kawo zancen yanke hannu, maganar baƙin gini kuma daga wani Bafaranshe mai fataucin lu'ulu'u ta samo asali, da aka tona wurin lambu aka tarar da tafki. "Amma Haji Sahab," in ji shi, "in ban faɗa ba sai baƙo ya ce jagoran abokinsa ya fi ni sani." Na gaya masa mu ma muna da irinsu a bakin rijiyar Kusugu da kan Dala, kuma ban ga laifinsa sosai ba tunda ya san inda gaskiya ta tsaya.

Masallacin jan dutse yana yamma da hubbaren, an zana wa kowane mai salla gurbinsa a daɓe, fiye da 500, a gabas kuma an gina irinsa sak domin kawai ido ya daidaita. Na tambayi dalilin da ya sa masallacin ba ya gabas, kafin in gama tambayar na tuna inda nake. Mu da muka saba cewa "fuskanci gabas" har gabas ta zama sunan alƙibla a bakinmu, a Indiya yamma ake kallo. A harabar nan ne kuma wasu iyalai suka yi mini caa suna son hoto da ni, wannan ya ce Afirka ta Kudu, wancan ya ce West Indies, ƙasashen da suka sani ta wasan kurket. Wata tsohuwa ta taɓa aikin wuyan rigata tana jinjina kai. Na tsaya wa uku, na huɗu jagoran ya kore su.

Karin kumallo a tsaye muka yi shi a bakin titi, da wata soyayyiyar waina mai ƙullin wake a ciki da suke kira bedai, ana ci da miyar dankali mai yaji, sai jalebi wanda ɗan'uwan alkaki ne, sai dai ya fi shi siranta da zaƙi. Mu biyu rupi 120. Daga nan muka tari a-daidaita-sahu, na ce wa jagoran wannan kam ba sai ya yi mini bayani ba, na Bajaj da TVS ɗin nan su ne suka cika titunan Kano, har ƙarar injin ɗaya ce. Bambancin kawai nasu kore da rawaya ne kuma da iskar gas suke aiki.

Tsohuwar fadar Agra tana da nisan kilomita biyu da rabi daga Taj, kuma a ganina ta fi shi labari. Sarki Akbar, kakan Shah Jahan, ya fara gina ta a 1565 da jan dutse, ganuwarta ta kai tsayin mita 20, kewayenta kilomita biyu da rabi, da rami mai zurfi a gindinta. Har yanzu sojojin Indiya ne ke riƙe da babban ɓangarenta, baƙi ta ƙofar Amar Singh kawai suke shiga, hanyar kuma a karkace take tana hawa tudu domin kada giwar abokan gaba ta sami filin yin gudu ta bangaje ƙyaure. Tsarin cikin bai zame mini baƙo ba. Akwai rumfar da sarki ke zaman fada ya saurari talakawa, akwai ta ganawa da manyan fadawa da jakadu, sa'an nan cikin gida inda mata ke kulle, da tagogin dutse masu huda-huda da suke leƙen waje ba a ganinsu. Na ce masa Gidan Rumfa na Kano ya girmi wannan fada da fiye da shekara 60, da ƙasa aka gina shi, kuma har yau da sarauta a cikinsa. Bai yarda ba sai da na nuna masa hoton hawan Sallah a wayata. Shi kuma ya kai ni gaban rumfar fadanci ya nuna mini kabarin wani gwamna Bature da ya mutu a nan a 1857, shekarar boren da bayansa Turawan Ingila suka tuɓe sarki na ƙarshe na daular Mughal, wato gidan sarautar su Shah Jahan, suka kai shi Rangoon. Na ce su ɗin ne dai suka fasa ganuwar Kano a 1903. Abin da ban gaya masa ba shi ne yadda tamu ganuwar take zaizayewa, ana ɗibar ƙasarta ana yanka filaye a kanta, alhali nan ko sunanka ka karce a bango sai an ci ka tara.

Wurin da muka fi daɗewa shi ne wani soro mai kusurwa takwas na farin mabul da ke kallon kogi, Musamman Burj. A 1657 Shah Jahan ya kwanta ciwo, 'ya'yansa maza huɗu, dukansu 'ya'yan Mumtaz, suka kama yaƙi a kan gadon sarauta tun yana da rai. Aurangzeb ya ci yayansa Dara Shikoh a 1658, ya kewaye fadar, ya datse hanyar ruwa daga kogi har uban ya sallama. Shekara takwas tsohon ya yi a tsare a nan, babbar 'yarsa Jahanara tana jinyarsa, har ya rasu a 1666 aka ɗauki gawarsa a kwalekwale aka kai shi gefen matarsa. An sa shinge ba a shiga soron, amma daga gefensa ana hango Taj can a gwiwar kogi, ƙarami cikin hazo. Na tambayi jagoran yadda kabarin Aurangzeb yake, ya ce yana Khuldabad can kudu, ƙasa ce a buɗe ba rufi, bisa wasiyyarsa, ita ma Jahanara nata yana Nizamuddin a Delhi, ciyawa ce kawai a kansa kamar yadda ta nema. Zancen jinyar da ta yi ya sa na ciro waya na kira Yaya, ya ce lafiya lau, ɗan Damagaram ya dafa musu tuwon semo.

Azahar a babban masallacin Juma'a na gari na yi ta, wanda Jahanara ɗin ta gina a 1648, a tsakiyar kasuwa mai cunkoso kamar Kurmi. Jagoran ya zauna a bakin ƙofa yana gadin takalmina. Na yi alwala a wani tafki da ke tsakiyar harabar, kowa ya tsuguna a gefensa, da na saki hannuwana a salla kuwa na ji idanu a kaina, bayan sallama wani dattijo ya tambaye ni da Larabci daga ina, na ce Najeriya, mazhabar Malik, ya riƙe hannuna da hannu biyu ya daɗe bai saki ba. Abincin rana mun raba teburi ɗaya amma ba kwano ɗaya ba, domin jagoran ba ya cin nama ko ƙwai, shi da wake da gurasa, ni da kaza.

Bayan nan ne ya ce zai kai ni in ga jikokin maginan Taj. Na san inda zancen ya dosa, domin tafinta ya riga ya gaya mini cewa kowane jagora yana da kantin da ake ba shi la'ada. A bakin kantin mutum uku suna zaune a ƙasa, suna goga ƙananan duwatsu a jikin faifan da ake juyawa da baka, yatsunsu duk sun side, aikin kuwa na gaske ne. A ciki aka kawo shayi, aka kashe fitila aka haska tocila a jikin faranti domin in ga haske yana ratsa mabul na ainihi, aka ce farashinsa dala 300. Na ce ni ɗan jinya ne, kuɗina yana asibiti. Aka sauko, aka sake saukowa, na miƙe, aka biyo ni har titi, a ƙarshe na sayi ɗan ƙaramin akwati da bai fi tafin hannu ba a kan rupi 1,500, kuma na tabbata ko a hakan an ci riba da ni. Jagoran bai ɓoye ba da na tambaye shi, ya ce yana da kaso, ya ce aikin na wata shida ne a shekara, in zafi ya sauko baƙi sai su ɗauke ƙafa. Wannan tsayawa ta cinye mana fiye da awa ɗaya, shi ya sa kabarin Itimad-ud-Daulah, kakan Mumtaz, wanda 'yarsa Nur Jahan ta gina masa kafin a yi Taj, a gurguje muka zaga shi, ga shi kuwa ya fi ko'ina natsuwa.

A hanyar tasha ya tsayar da mu na sayi petha, alewar da aka san Agra da ita, wadda ake yi da wata irin farar kabewa da sukari. A tashar Agra Cantt ya duba mini lambar tarago da kujera, na ba shi kuɗinsa na ƙara masa 500. Kafin in shiga ya ciro wayarsa ya ce in karanta masa surar ƙofar nan ya naɗa, tun daga farko, in kuma faɗi inda sunan Iram yake domin ya riƙa nuna wa baƙi. Na tsaya a gefen mai sayar da shayi, ana ta sanarwa a lasifika, na karanta masa ita har ƙarshe. Ya haɗa tafukansa biyu a ƙirji, ni kuma na miƙa masa hannu.

Jirgin Gatimaan ya tashi wajen ƙarfe shida saura, tikitinsa bai kai rupi 1,000 ba har da abincin da aka raba, kuma cikin minti 100 muka iso tashar Hazrat Nizamuddin. Na tarar da Yaya zaune ya miƙe ƙafa a kan matashi, shi da ɗan Damagaram suna sauraron labarai a waya. Ya juya ɗan akwatin a hannunsa ya tambayi kuɗinsa, na rage rabi na faɗa masa, duk da haka ya ce an cuce ni. Ya ɗauki petha ɗaya ya gutsura, ya ce zaƙin ya yi yawa, sa'an nan ya miƙo hannu ya ce in ba shi goron da na tafi da shi.